Wane faifai ne ya fi dacewa da naɗar waƙoƙi a gida?

Tambaya: Malam, ina da tarin faya-fayan CD na waƙoƙi na asali da na daɗe ina saye, kuma ina so in kwafi waɗanda na fi saurara, in riƙa sa kwafin a mota da tsohuwar na'urar da ke falo, na asalin kuma in adana su. Wani abokina ya ce faifai mai launin zinariya ya fi ba da amo mai taushi, wani ya ce in nemi baƙi, wani kuma ya ce sai wanda aka rubuta wa alamar kiɗa a jiki. Na taɓa naɗar wasu, suka yi aiki lafiya a kwamfuta, amma a mota suka riƙa tsalle. Shin da gaske irin faifan yana canza daɗin sauti, kuma wanne ya kamata in saya?

Amsa: Faifan da za ka saya ba zai ƙara wa waƙa zaƙi ko taushi ba, domin abin da ake rubutawa a kansa lambobi ne zalla. A tsarin da kamfanonin Philips da Sony suka kafa a 1980, ana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, ana ajiye kowane awo a matsayin lamba mai bit 16 (bit shi ne mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanan kwamfuta), ɗaya ta ɓangaren dama ɗaya ta hagu. Idan na'urarka ta karanta waɗannan lambobi daidai daga faifai mai launin zinariya, ta kuma karanta su daidai daga baƙi, to abu ɗaya za ta miƙa wa lasifika. Duk da haka abokanka ba su yi kuskure ba da suka ce faya-fayan ba ɗaya ba ne. Bambancinsu yana ga sauƙin karantuwa da kuma tsawon rai, kuma a nan ne matsalar motarka take.

Yana da kyau ka san yadda aka ƙera abin. Faifan asali na kamfani ana buga shi ne da ƙarfen hatimi, a bar 'yan ƙananan ramuka a jikin roba, sannan a shafa alminiyom domin ya mayar da haske. Faifan naɗa kuwa, wato CD-R, wanda kamfanin Taiyo Yuden na Japan ya fara fitarwa a 1988, babu rami ko ɗaya a jikinsa. Akwai siririn layi da ke zagayawa daga tsakiya zuwa baki, a kansa an shimfiɗa rini, a kan rinin azurfa ko zinariya, sai fenti mai kariya a sama. Lokacin naɗa, hasken leza yana ƙona rinin a wurare, ya bar tabo-tabo da ke rage hasken da ke komawa idon na'ura, ita kuma na'urar ta ɗauka ramuka ne take karantawa. Ke nan aikin gaba ɗaya ya dogara ga yadda waɗannan tabo suka fito: ko gefensu ya fita sarai, ko tsawonsu ya yi daidai, ko rinin ya shimfiɗu bai-ɗaya har zuwa bakin faifan. Ƙa'ida ta buƙaci faifan kamfani ya mayar da aƙalla kashi 70 cikin 100 na haske, CD-R kuma kashi 65, don haka tun farko tsohuwar na'ura mai rarraunan ido tana fara aiki da ɗan gibi.

Babu faifan da ake karantawa ba tare da kuskure ba, har da na kamfani sabo fil. An yi tanadin haka tun farko, aka saka ƙarin bayanai a cikin rubutun waɗanda na'ura ke amfani da su tana gyara kurakurai nan take. Gyaran hawa biyu ne, masana suna kiran su C1 da C2. Ƙa'ida ta yarda da kurakuran hawa na farko har 220 a daƙiƙa, amma faifai mai kyau da aka naɗa da kyau ba ya ko kusantar wannan adadi. Muddin gyaran ya yi nasara, lambobin sun dawo yadda suke, kunne ba shi da abin ji. Idan ɓarnar ta fi ƙarfin gyara, na'urar waƙa ba ta tsayawa. Takan dubi lambar da ta gabata da wadda ke biye ta kintaci ta tsakiya, in kuma gibin ya yi yawa sai ta yi shiru na ƙiftawar ido, ko ka ji ƙas-ƙas, ko waƙar ta yi tsalle, ko ta kakare wuri ɗaya. Wannan shi ne muryar faifai mara kyau. Ba ya rage amon ganga, ba ya sa muryar mawaƙi ta bushe, sai dai ya kawo tangarɗa da kowa zai iya ji.

Akwai wani abu da ke sa ingancin faifai ya fi muhimmanci ga waƙa fiye da takardun kwamfuta. Kowane yanki na faifai yana ɗaukar bait 2,352 (bait ma'aunin yawan bayanai ne), kuma ana karanta yanki 75 a daƙiƙa. Faifan bayanai yana amfani da 2,048 kawai, ragowar ya ware mafi yawansa domin gyaran kuskure hawa na uku. Faifan waƙa yana cika dukkan 2,352 da sauti, shi ya sa minti 80 na waƙa, wanda ya kai kusan megabait 800 a kwamfuta, ke shiga faifan da aka rubuta wa 700. Ribar wuri ce da aka saya da rage kariya.

Wasu masu sauraro sun dage cewa ko da lambobin sun yi daidai, rashin daidaiton tsawon tabon yana shafar sauti. Rashin daidaiton nan gaskiya ne, ana ma auna shi, har kamfanin Yamaha ya taɓa fitar da na'urorin naɗa masu tsawaita tabon, ta yadda faifan minti 80 ke ɗaukar kimanin minti 68 kacal. Sai dai na'urar kunnawa ba ta tura abin da idonta ya gani kai tsaye zuwa lasifika. Tana tara lambobin a ma'ajiya, sannan ta fitar da su bisa agogon kanta. A ganina amfanin irin wannan dabara yana ga sauƙaƙa wa tsohuwar na'ura karatu, kuma duk wanda ya ce yana jin bambancin amo tsakanin faifai biyu masu lafiya, ya kamata ya sa wani ya riƙa sauya masa su ba tare da ya gani ba kafin ya yanke hukunci.

Batun launi kuwa, launin da kake gani a ƙasan faifai haɗuwar rini ne da ƙarfen da ke bayansa. Rinin iri uku ne. Sayanin shi ne na Taiyo Yuden, yakan ba da kore ko shuɗi mai haske, kuma an san shi da haƙuri da bambancin ƙarfin leza, ko da yake na farko-farko yana saurin kodewa a rana kafin a inganta shi. Falosayanin, wanda kamfanin Mitsui Toatsu ya fito da shi, kusan ba shi da launi, don haka faifan yakan ɗauki kamar ƙarfen da ke bayansa, kuma ya fi sauran jure haske da zafi. Azo na kamfanin Mitsubishi ne, wanda aka fi sani a faya-fayan Verbatim, da shuɗinsa mai duhu. Dukkan ukun suna ba da naɗi mai kyau idan masana'antar ta iya aikinta, dukkansu kuma suna ba da shirme idan ba ta iya ba. Amfanin zinariya shi ne ba ta tsatsa ko baƙi kamar yadda azurfa kan yi idan iska da laima suka ratsa fentin, wannan ya sa ma'adanai da ɗakunan tarihi ke son ta. Amma azurfa ta ɗan fi ta mayar da haske, don haka ga faifan da zai zauna a mota kuɗin zinariya asara ce. Ka kuma lura cewa yawancin faya-fayan da samansu ke ƙyalli kamar zinariya fenti ne kawai. Baƙin faifai ma ado ne: lezar CD tana aiki a nanomita 780, a bakin iyakar abin da idon mutum ke iya gani, kuma robar da muke gani baƙa ƙirin tana barin wannan haske ya wuce.

Abin da ya fi launi muhimmanci shi ne wanda ya ƙera faifan, kuma sunan da ke kan kwali sau da yawa ba shi ne amsar ba. Sanannun sunaye da dama ba su da masana'antar faifai, saye suke yi daga 'yan kamfanoni ƙalilan irin su CMC Magnetics da Ritek na Taiwan, su buga sunansu a kai, kuma suna iya sauya mai kawo musu kaya ba tare da kwalin ya canza ba. Shi ya sa mutum zai yaba wani suna bana, baɗi ya sake sayen shi ya sha haushi. Abin farin ciki shi ne kowane faifai yana ɗauke da lambar masana'antarsa a cikin siririn layin nan da na ambata, kuma manhajoji irin su ImgBurn da Nero suna nuna ta da zarar ka saka faifan a kwamfuta. Shekaru da yawa masu naɗar sauti na sana'a suna fifita Taiyo Yuden a kan kowa, amma kamfanin ya daina ƙera faifai a ƙarshen 2015, CMC ya karɓi fasahar yana fitar da ita da sunan CMC Pro. A 2019 kuma Mitsubishi ya sayar wa CMC ɗin harkar Verbatim. Shawarata a yau ita ce ka nemi ɗaya daga cikin biyun nan: CMC Pro, ko Verbatim da aka rubuta AZO ƙarara a kwalinsa, domin akwai Verbatim mai sauƙin kuɗi da ba wannan rinin ba ne. Ka saya wurin dillalin da ka amince da shi, saboda an sha yin jabun sanannun faya-fayai, wani lokaci har da satar lambar masana'antar.

Faifan da aka rubuta wa alamar kiɗa, wanda tambarinsa ke ɗauke da kalmomin Digital Audio, labarinsa na doka ne. A 1992 Amurka ta yi dokar naɗar sauti a gida, wadda ta ɗora wani kaso a kan farashin na'urori da faya-fayan naɗar waƙa domin a biya masu haƙƙin mallaka, wasu ƙasashe ma suna da makamancin wannan haraji. Aka saka wa irin waɗannan faya-fayai wata alama a ciki, na'urar naɗa ta falo, wadda ba ta haɗe da kwamfuta, takan duba alamar, in ba ta gan ta ba ta ƙi naɗa. Idan irin wannan na'ura gare ka, dole ka sayi faifan kiɗa. Idan da kwamfuta kake naɗa, ƙarin kuɗin ba zai saya maka komai ba, domin rini da ƙarfen iri ɗaya ne da na sauran. Tun da an taɓo doka, kwafin da mutum ya yi daga faifansa domin amfanin kansa ƙasashe sun bambanta a kan hukuncinsa, rabawa ko sayarwa kuwa wani babi ne dabam.

Ka guji CD-RW, wato wanda ake gogewa a sake naɗa. Ba rini ne a cikinsa ba, wani haɗin ƙarafa ne, kuma hasken da yake mayarwa bai wuce kashi 15 zuwa 25 cikin 100 ba, don haka yawancin na'urorin da aka ƙera kafin fitowarsa a 1997, da wasu na bayanta, ba sa ganinsa sam. Faifan DVD kuma na'urar CD ba ta karanta shi ko kaɗan. Game da tsawo, na minti 80 shi ne ya cika kasuwa kuma kusan kowace na'ura tana karɓarsa. Na minti 74 layinsa ya ɗan fi sakewa, tsofaffin na'urori sun fi jin daɗinsa, sai dai ya yi wuyar samu. Na minti 90 da 99 sun fita daga ƙa'ida, an matse layinsu fiye da kima, kada ka kusance su.

Saurin naɗa wuri ne da tsohuwar shawara ta zama tarko. A da ana cewa a naɗa a 1x ko 2x, wato daidai saurin da waƙa ke tafiya in an kunna ta ko ninkinsa biyu, kuma a lokacin gaskiya ne, domin rinin wancan zamani don haka aka yi shi. Faya-fayan yanzu an tsara su ne domin gudu har 48x ko 52x, na'urorin kwamfuta na yanzu ma da yawansu ba sa sauka ƙasa da 8x ko 16x, kuma tilasta wa sabon rini tafiyar hawainiya na iya ba da tabo mafi muni. Ƙure gudu shi ma yana da illa, musamman wajen bakin faifai inda girgiza ta fi yawa. Tsaka-tsaki, wajen 16x, shi ne inda na fi ganin dacewa, in kuma na'urarka tana ba da 8x ko 12x ka gwada su ka kwatanta. Dalilin gwajin shi ne kowace na'urar naɗa tana da jerin faya-fayan da ta sani a cikin manhajar cikinta, da irin ƙarfin lezar da ya dace da kowanne, kuma kafin ta fara aiki takan yi ɗan gwaji a wani keɓaɓɓen wuri kusa da tsakiyar faifan. Idan ta gamu da faifan da ba ya cikin jerinta, sai ta yi amfani da tsarin gama-gari, sakamakon ya zama na sa'a. Faifai da na'ura kamar takalmi ne da ƙafa, mai tsada ma yana iya matse wani. Idan akwai sabuntawar manhajar na'urarka daga kamfaninta, ka saka kafin ka zargi faifan.

Inda ake asarar daɗin sauti da gaske shi ne kafin a zo kan faifan. Idan ka kwafi waƙar zuwa MP3 sannan ka naɗa ta, abin da MP3 ya zubar ya tafi ke nan, babu faifan da zai dawo da shi, kuma a nan ne kunne ke iya jin muryar ta yi rauni ko ƙarar kuge ta dagule, musamman a MP3 da aka matse sosai, irin mai 128 kbps. Ka kwafa zuwa WAV ko FLAC, waɗanda ba sa zubar da komai. Ka yi amfani da manhajar da ke maimaita karatu har ta tabbatar, irin su Exact Audio Copy, wadda kuma ke iya kwatanta sakamakonka da na sauran mutane ta tsarin AccurateRip. Ka kashe duk wani zaɓi na daidaita ƙarar waƙoƙi ko ƙawata sauti, domin shi ne ke canza lambobin. Wajen naɗa ka zaɓi faifan waƙa, wato Audio CD, domin idan ka jera fayilolin a matsayin faifan bayanai kwamfuta za ta kunna su, tsohuwar na'urar falo kuwa ta ce ba ta ga komai ba. Ka naɗa faifan gaba ɗaya a zama ɗaya, abin da manhajoji ke nunawa da DAO, saboda ɗaya hanyar, wato naɗa waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya, tana cusa shirun daƙiƙa 2 tsakanin waƙoƙi, wanda ke ɓata naɗin dandali da duk waƙoƙin da ke shiga juna. A ƙarshe ka tabbatar an rufe faifan, wato manhajar ta kammala shi yadda ba za a ƙara masa komai ba, domin wanda ba a rufe ba bai da cikakken jadawalin waƙoƙi da na'urar kunnawa ke nema.

Tsallen da ka ji a mota yana da alamun da za su nuna maka mai laifi. Idon kwamfuta an yi shi ne da sanin CD-R, yana iya komawa ya sake karatu sau da yawa, na mota kuwa yana fama da girgiza da ƙura da zafi, ga shekaru. Idan waƙoƙin farko suna tafiya lafiya sai na ƙarshe ke tsalle, laifin faifan ne ko saurin naɗa, domin ana karatu ne daga tsakiya zuwa baki, kuma a bakin ne rinin faifai mai araha ke yin rashin daidaito. Idan faifan kamfani ma yana tsalle, idon na'urar ne ya yi datti ko ya tsufa. Idan na'urar ta daɗe tana juya faifan sannan ta turo shi waje, ka duba ko CD-RW ne, ko ba a rufe shi ba, ko faifan bayanai ka yi. Idan kuma ka manna masa takarda, cire tsammani: takarda tana karkatar da nauyin faifai, zafi yana ɗaga ta, kuma a na'urar mota mai haɗiye faifai ta tsaga tana iya maƙalewa ciki.

Saboda haka kada ka fara da sayen ɗauri mai ɗari. Ka sayi kaɗan daga iri biyu, ka cika kowanne har kusan minti 79, ka kai su wurin na'urar da ta fi tsananin zaɓe a cikin naka, ka je kai tsaye waƙa ta ƙarshe, ka matsa gaba da baya ka ga ko tana kamawa nan da nan ko sai ta yi ta ƙugi tana nema. Kafin naɗa ma ka ɗaga faifan sama ta fuskar fitila: idan ka ga ɗigo-ɗigon haske na ratsowa kamar an huda da allura, ko rinin ya yi gajimare a gefe, wannan ɗaurin ba na kirki ba ne. Wanda ke son tabbaci da lamba, wasu na'urorin Lite-On da tsofaffin Plextor suna iya ƙidaya kurakurai ta manhaja irin Nero DiscSpeed. Abin nema shi ne C1 ya zauna ƙasa ba tare da ya yi tashin gwauron zabi wajen ƙarshe ba, C2 kuma ya zama sifili. Irin da ya ci wannan jarrabawa a na'urorinka, shi za ka saya da yawa.

Mutane sukan lallaɓa ƙasan faifai su yi sakaci da samansa, alhali saman ne mai rauni. Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kusan dukkansa roba ce a ƙasa, rini da ƙarfen kuwa suna can sama ƙarƙashin fenti siriri. Karcen ƙasa sau da yawa leza tana wuce shi ko a goge shi, na sama kuwa yana kwashe rubutun ne ɗungurungum. Kada ka rubuta da biro. Ka nemi alƙalami mai taushin baki da aka yi domin faifai, in so samu ne ka rubuta a farar robar da ke kewaye da ramin tsakiya, inda babu bayanai. Wajen gogewa ka ja ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, domin karcen da ya bi zagayen layi shi ne ya fi wuyar gyara. Hasken rana da zafi da laima su ne ke cin rini, don haka faifan da ke kwana a gaban mota ka ɗauke shi a matsayin mai gajeren kwana, kowane iri ne. Ka ajiye fayilolin FLAC ɗin a kwamfuta da kuma wata ma'ajiya dabam, ta yadda duk ranar da na motar ya fara ƙas-ƙas za ka naɗa wani cikin 'yan mintoci ba tare da ka sake fito da na asalin daga gidansa ba.